Kandi Ko Maha Nuwara: Garin Da Baƙi Suka Raɗa Wa Suna

Matafiyin da ya shiga jirgin ƙasa daga Kolombo, babban birnin ciniki na ƙasar Siri Lanka, ya nufi tsakiyar tsibirin, zai yi tafiyar kimanin mil 75 yana hawan duwatsu kafin jirgi ya sauke shi a wani gari da ke cikin kwari, kogin Mahaweli ya kewaye shi ta gefe uku. A allon tashar zai ga sunan garin da rubutu iri uku. Na Turanci ya ce Kandi. Na harshen Tamil shi ma haka ya ce. Amma na harshen Sinhala, watau harshen mafi yawan mutanen ƙasar, Maha Nuwara ya ce. To, yaya aka yi gari guda, kuma mafi alfarma wajen mabiya addinin Buda na ƙasar, duniya ta san shi da sunan da masu shi ba su kiransa da shi?

Kafin mu ci gaba, kada mai karatu ya rikita wannan Kandi da wadda fatakenmu suka sani a arewacin Jamhuriyar Benin. Kamar suna ce kawai, babu dangantaka.

Asalin kalmar Kandi ba sunan gari ba ne. A harshen Sinhala "kanda" dutse ne ko tudu, kuma mutanen bakin teku suna kiran mulkin da ke can sama Kanda Uda Rata, watau ƙasar kan tudu. Da Turawan Fotugal suka sauka tsibirin a farkon ƙarni na 16, sai jimlar ta yi wa harshensu nauyi, suka datse ta, suka riƙa cewa Kandiya, suna nufin ƙasar da kuma garin da sarkinta ke zaune, duka biyu. Turawan Holan suka gaji wannan daga gare su, na Ingila kuma suka gada daga na Holan. Akwai wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Ingila, Robert Knox, wanda sarkin tudun ya tsare kusan shekara 20. A littafin da ya buga cikin 1681 ya bayyana cewa Kiristoci ne ke kiran garin da wannan suna, mazauna wurin kuwa suna da nasu. Ashe ke nan tun shekara 300 da ɗoriya aka lura da bambancin.

Sunan garin na farko shi ne Senkadagala. An danganta kafa shi ga Sarki Wikramabahu na Uku, wanda ya yi mulki a ƙarni na 14. "Gala" dutse ne na fa, wannan ba gardama. Rabin farko na sunan ne masu ba da labari suka rabu a kai: waɗansu suka ce sunan wani mai ibada ne da ya keɓe kansa a kogo kusa da wurin, waɗansu suka ce sunan matar sarki ne, waɗansu kuma suka ce wani dutse ne mai launi. Daga baya fadawa suka yi wa sunan ado irin na kirari, ya zama Senkadagala Siriwardana Maha Nuwara. Baki ba ya son doguwar magana, saboda haka talakawa suka ɗauki ƙarshen suka bar sauran.

"Maha" babba, "nuwara" birni. Babban Birni, shi ke nan. Har ma a hira ta yau da kullum sukan yar da "maha" ɗin, mutum ya ce zai tafi Nuwara, kamar dai yadda mutumin ƙauyukan Kano zai ce zai shiga birni, ba wanda zai tambaye shi wane birni. Baƙo dai sai ya yi hattara, domin akwai wani gari dabam can cikin gonakin shayi mai suna Nuwara Eliya.

Abin mamaki a nan shi ne Kolombo ta ninka wannan gari yawan jama'a sau da dama, majalisar dokoki kuma tana Kotte tun 1982, amma duk da haka ba a karɓe lakabin an ba ɗayansu ba. Dalili kuwa yana cikin wani gini mai rufin zinariya a bakin tafkin da sarki na ƙarshe ya sa aka haƙa cikin 1807. Sunansa Dalada Maligawa, watau fadar haƙori. A cikinsa ne ake ajiye abin da mabiya addinin suka gaskata haƙorin Buda ne, cikin akwatunan zinariya bakwai, wani cikin wani. Bisa ga labarinsu, wata 'yar sarki mai suna Hemamala ce ta ɓoye shi cikin gashin kanta ta kawo shi daga ƙasar Kalinga ta Indiya a ƙarni na 4. Tun daga nan aka ɗauka cewa wanda haƙorin ke hannunsa shi ne halattaccen sarkin tsibirin. Duk inda gadon sarauta ya koma, daga Anuradapura zuwa Polonnaruwa har zuwa Kotte, haƙorin na biye. Sarki Wimaladarmasuriya na Farko, wanda ya kama mulki wajen 1592, shi ya kawo shi wannan kwari. Girman da sunan ke faɗa na sarauta ne, tun daga wancan zamani.

Turawa sun fahimci wannan sarai. Na Fotugal sun yi shelar cewa sun kama haƙorin sun niƙe shi a Gowa wajen 1560, Sinhalawa suka ce na jabu suka niƙe. Na Ingila sun aika da runduna cikin 1803, aka kusan ƙare ta baki ɗaya. Sai da hakiman ƙasar suka juya wa Sarki Siri Wikrama Rajasinha baya sannan Gwamna Brownrigg ya shiga garin, aka sa hannu a yarjejeniya ran 2 ga Maris, 1815, wadda a cikinta Ingila ta yi alkawarin kiyaye addinin Buda. Aka kai sarkin Indiya, can ya mutu cikin 1832. Da aka yi tawaye cikin 1817 zuwa 1818, wani malamin addinin ya sulale da haƙorin ya kai wa 'yan tawaye, kuma ba a daɗe da komawarsa hannun Turawa ba wutar ta mutu. Sai 1853 suka miƙa tsaronsa ga shugabannin zawiyoyin Malwatte da Asgiriya tare da wani basarake mai riƙe da sarautar Diyawadana Nilame, kuma haka tsarin yake har yau.

Ita kuwa kalmar baƙin ba ta rasa ma'anarta ta asali ba. Idan aka ce mutum Bakande ne a Turancin ƙasar, ba lalle ɗan garin ake nufi ba, ɗan ƙasar tudu ake nufi, wanda a Sinhala ake ce wa na Uda Rata. Har akwai dokar aure da saki ta musamman ta 1952 da ke ɗauke da sunan Kandi, wadda ta shafi mutanen tsoffin lardunan masarautar. Musulmin garin, da yake yawancinsu Tamil suke yi a gida, su ma Kandi suke cewa. A ganina wannan ne ya sa sunan ya tsira cikin 1972, lokacin da aka kawar da sunan Silon aka ɗauki Siri Lanka: ko da yake bakin Bature ne ya datse shi, saiwarsa ta gida ce, ga shi kuma ba na ƙabila guda ba ne. Da hukumar UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya a 1988, Birnin Kandi Mai Tsarki ta rubuta.

Alfarmar ta jawo masa masifa ma. Ran 25 ga Janairu, 1998, ana shirin bikin cika shekara 50 da samun mulkin kai a garin, 'yan tawayen Tamil suka tayar da bam cikin babbar mota a ƙofar fadar haƙorin. Mutum fiye da 10 suka mutu, gaban ginin ya lalace, aka mai da bikin Kolombo. Haƙorin bai taɓu ba.

Kowace shekara cikin Yuli ko Agusta akan yi dare 10 ana zagaya gari da giwaye masu ado da makaɗa da masu rawa. Akwatin da babbar giwa ke ɗauka ba haƙorin a ciki, wakilinsa ne kawai. Shi kansa ba safai ake fito da shi ba. Da aka buɗe shi ga jama'a cikin Afrilu 2025, karo na farko tun 2009, mutane suka yi ta kwana a kan layi a bakin tafki, har hukuma ta roƙi waɗanda ba su taso ba su dakata a gida, domin Babban Birnin ya kasa ɗaukarsu.