Indomin Ƙarfe Uku na Dare



Mun daɗe muna juya wannan magana kafin mu rubuta ta a nan. Wasu dattawanmu sun so a bar ta a ɗaki, mun saurare su, mun kuma ba su haƙuri. Abin da ya faru a watan jiya saura ƙiris ya ci rai, kuma shirun da muka yi yana cikin abin da ya jawo shi.

Kowa ya san inda yawancin masu tsire da masu shayinmu suke kafa teburi a Legas. Daga Agege zuwa Ikeja, daga Obalende zuwa Surulere, in ka hango fitila da hayaƙin tukuba cikin dare, waiga gefe, sau da yawa za ka ga mashaya. Kasuwa ce ta kai su can. Wanda ya sha giya yunwa ke kama shi, kuma ba tuwo yake nema ba. Abu mai gishiri da maiƙo da yaji yake so: tsire, balangu, hanta, ƙoda, a yanka masa albasa da tumatir a naɗe a takarda. Wani kuma wajen mai shayi zai zauna, a dafa masa Indomie da ƙwai biyu, a yanko burodin Agege. Mai tsire tun safe yake mayankar Oko-Oba, ya wuni yana feɗe nama yana sokawa yana barbaɗa ƙuli, amma cinikin kirki sai bayan sha ɗaya na dare. Da wannan kuɗin ake biyan haya, da shi ake aikawa gida a sayi taki, har kuɗin wata na ƙungiyarmu wani ɓangarensa daga nan yake fitowa.

Hukuncin giya babu mai jayayya a kansa a cikinmu. Zancen kafa teburi kusa da mashaya ma malamanmu sun sha yin bayani, kowa ya ji. Abin da ya kawo mu yau yaran da muke tsayarwa a bayan waɗannan tebura ne.

Akwai wani yaro, ba za mu faɗi sunansa ko garinsu ba. Bai kai ashirin ba. Kawunsa ya ɗauko shi daga gida shekara biyu da suka wuce don ya koyi sana'a. Shi ke hura gawayi, shi ke yanka albasa, shi ke kai wa masu saye nama har kan teburinsu a cikin mashaya. In maigidan ya gaji ya tafi da ƙarfe ɗaya, shi ke tsayawa har a tashi. Ranar da abin ya faru ya koma ɗaki wajen ƙarfe uku, a irin gidajen nan masu ɗakuna jere suna fuskantar juna. Abokan kwanansa biyu suna wajen gadi, ɗaya ya yi tafiya. Ya kunna risho, ya ɗora Indomie, ya jingina da katifa kafin ta nuna. Daga nan bai ƙara sanin komai ba. Ruwa ya ƙone, tukunya ta yi baƙi, labule ya kama, wuta ta sauko kan katifa.

Allah Ya sa wata Iya Bayarbiya mai ƙosai, da ke tashi tun kafin asuba don gyaran wake, ta ji ƙauri. Ta yi ta dukan ƙofa babu amsa, ta ta da mazan gidan aka ɓalle. Da ƙafa aka jawo shi, hannunsa na dama ya ƙone har gwiwa, shi kuwa ko a lokacin bai gama farkawa ba.

Da gari ya waye, mai gidan ya rantse sai duk Bahaushen da ke gidan ya kwashe kayansa. Muka je da shugaba da ma'aji ba da haƙuri. A nan muka yi abin da har yanzu muke jin kunyarsa: muka ce wayar lantarki ce. Iya ta dube mu ta ce da mu, daren nan babu wuta a layin tun magariba. Sai ta buɗe bakin zaninta ta zube mana ledojin giya uku da ta tsinta a gefen katifa.

Mun je duba shi a asibiti. Da ya gan mu ya juya fuska bango. Can ya ce, "Kawu, don Allah kada a gaya wa Inna." Muka tambaye shi yaushe ya fara. Ya ce tun daminar bara, wani mai saye ya ga yana rawar sanyi ya miƙa masa, ya ce maganin sanyi ne da ciwon baya. Muka ce me ya hana ka ci abinci a wajen aiki? Ya ce, "Kawu, naman a ƙirge yake." Yaro ya kwana yana gasa wa mutane nama, shi kuma tun garin kwakin da ya sha da la'asar bai sa komai a ciki ba.

Wannan amsa ta fi ƙunar ta da mana hankali. Kawunsa da muka matsa, ya ce ya ɗan fara jin wari a bakinsa amma ya kau da kai, gudun kada magana ta fita. Mu ma in za mu faɗi gaskiya mun sha ganin irin waɗannan ledoji a bayan wasu tebura. Suna da arha, suna shiga aljihu, ana tallan su a faranti a tashar mota tare da alewa da sigari, wasu kuma a kwalba da sauyoyi, wadda ake kira paraga, da sunan magani. A farkon 2024 hukumar NAFDAC ta sanar da hana giyar leda da ta ƙananan kwalabe, amma duk mai fita da dare ya san ba su ɓace ba.

Wani ɗan ƙungiyarmu ma'aikacin jinya ya yi mana bayanin da ya kamata kowa ya sani. In giya ta shiga, hanta na shagala da tace ta, sai ta rage sakin sukari a jini, musamman ga wanda cikinsa babu komai. Yunwar da ake ji gaskiya ce. Amma cin abinci bayan an sha ba ya cire maye, haka shayi mai kauri ko wanka da ruwan sanyi. Hanta a hankali take aikinta, sai dai a jira. Ga nauyin barci, ga shi ƙauri ba ya ta da mai barci yadda muke zato. Ya ce in ka tarar da mutum a wannan hali, kwantar da shi a gefensa, kada a rigingine, don kada amai ya shaƙe shi, kuma kada a bar shi shi kaɗai.

A taron da muka yi bayan haka an yi zafi. Wasu sun ce a sa shi a mota a mayar da shi gida. Wani dattijo mai shayi ya tashi ya ce lafiyayye aka ba mu shi, a hannunmu ya lalace, a hannunmu za a gyara. A kan haka aka tsaya. An amince duk mai teburi ya ciyar da yaransa kafin ciniki ya kankama, ya kuma ba su abin tafiya ɗaki in an tashi, don kada wani ya kunna risho ko gas da ido a lumshe. Yaro ba zai ƙara shiga cikin mashaya kai nama ba, mai so ya fito ya karɓa. Maigida ba zai tafi ya bar yaro shi kaɗai ya rufe ba. Wanda kuma ya ga alama a wajen ɗansa ko yaronsa, ya same mu a ɓoye. Mun yi alkawari maganarsa ba za ta fita ba.

Mun koma wajen mai gidan mun faɗa masa gaskiya, mun biya gyaran ɗaki daga asusun ƙungiya, ya haƙura. Yaron an sallame shi, yanzu yana wajen wani ɗan uwa mai sayar da albasa a Mile 12, aikin safe, da magariba yana gida. Da yardarsa muka rubuta wannan. Iya kuma mun kai mata buhun wake, ta ƙi karɓa sai da shugaba ya roƙe ta.

Iyayen yaran nan suna can gida sun yi barci, sun san 'ya'yansu na hannunmu. Daren yau kafin ka tashi daga teburi, tambayi yaronka ko ya ci abinci.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya tsare mu da sharrin wuta, Ya sa albarka a nemanmu.

Sakataren Ƙungiya