Vodka: Ƙaramin Ruwan da Ba Ruwa Ba



Mu marubuta muna yawan ɗora wa ɗan mai kuɗi kwalba a hannu idan muna son nuna ya lalace, sai dai da yawanmu ba mu san abin da ke cikinta ba. Haramcin giya sananne ne a wurinmu, ba shi muka zo tattaunawa ba. Amma wanda zai gargaɗi jama'a kan rami, ya kamata ya san zurfinsa. A wannan makon bari mu duba vodka.

Sunan ya fito ne daga "voda", wato ruwa a harshen Rashanci. Vodka kuwa tamkar a ce "ɗan ƙaramin ruwa" ne. Rasha da Poland har gobe suna jayayya kan wa ya fara yin ta.

Tushenta abinci ne: alkama, ko wani danginta mai jure sanyi, ko masara, ko dankalin Turawa. A niƙa, a dafa, a sa tsiro ya mayar da sitaci sukari, kamar yadda tsiro ke zaƙaƙa kunu. Sai a zuba yis, ya cinye sukarin cikin 'yan kwanaki ya bar barasa. Zuwa nan ba ta wuce ajin burkutu ba.

Abin da ya raba su shi ne tururi. Mu da muka ratsa ɗakin gwaje-gwaje a foliteknik mun san etanol yana tafasa a digiri 78, ruwa kuwa sai 100. Idan aka ɗora tsimin a wuta, barasar ke riga tashi, a tare tururin a sanyaya shi. A masana'anta ana maimaita hakan cikin dogayen bututai har ƙarfinta ya kai kashi 95 ko 96 cikin ɗari. Daga nan yawanci a tace da gawayi, a surka da ruwa ta sauko kashi 40. Ba a ajiye ta shekaru a gangar katako kamar wiski, shi ya sa ba ta da launi.

To a nan gizo ke saƙa. Duk wahalar nan ana yin ta ne don a goge launi, a rage wari da ɗanɗano. Idan aka tsiyaya ta cikin lemo, ido ba ya rarrabewa. Saboda haka in muka rubuta cewa jaruma ta hango "jan ruwa mai kumfa" ta gane vodka ce, mun koyar da mai karatu alamar ƙarya. Yarinyar da ta karanta mu za ta jira kumfa, alhali abin ba ya zuwa da kumfa.

Su ma masu ita ba su sha da daɗi ba. A 1894 gwamnatin Rasha ta fara kame cinikinta, baitulmali ya dogara da kuɗinta. A 1985 Gorbachev ya ƙaddamar da yaƙi da shaye-shaye. Mace-mace suka ragu, amma jama'a suka koma dafawa a gida har sukari ya yi wuya a kantuna. A Disambar 2016 mutum fiye da 70 suka mutu a garin Irkutsk bayan sun sha wani ruwan wanka mai arha a madadinta. Metanol ne a ciki, gubar da ke makantarwa ta kashe, kuma a ido ba ta da bambanci da etanol.

Shawararmu ita ce, kafin mu sa kwalba a labari mu binciki abin da ta ƙunsa, launinta da aikinta a jiki. Mai karatu ya ba mu amana, wani ma daga littafinmu kaɗai zai san abin da zai guje wa.

Wa ya taɓa cin karo da irin wannan kuskure a littafi? Mu ji daga gare ku, ba tare da kama suna ba. Allah Ya tsare mu da zuri'armu.