Masu Buɗe Cikin Lasifika a Tokyo

Wanda ya sauka a tashar jirgin ƙasa ta Akihabara yau, abin da zai fara cika masa ido shi ne dogayen benaye lulluɓe da hotunan katun da tallan wasannin kwamfuta. Sai ya kutsa ƙarƙashin gadar dogo sannan zai tarar da tsohuwar unguwar: rumfuna ƙanana a jere, kowace mutum ɗaya take ɗauka, wannan yana sayar da waya, na gaba maɓallai, na gabansa kafasita zube cikin 'yan akwatuna. Asalinsu tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne, lokacin da masu kayan rediyo suka baje koli a bakin titi, har hukumomin mamaya na Amurka suka sa a kwashe rumfunan titi a 1949, aka tattaro su nan. Sun ragu ƙwarai, amma waɗanda suka rage ba su rasa masu zuwa ba, yawanci dattawa masu furfura, kowa riƙe da 'yar takardar da ya rubuto lambobin abin da yake nema.

Wani aiki ne daban ya kai ni Japan. Abokin da ke yi mini tafinta ya lura da yadda nake tsayawa duk inda na ga kayan sauti, sai ya ja ni zuwa Koizumi Musen, shagon da ya yi suna wajen sayar da lasifika tsirararta, ba akwati. Manya da ƙanana ne jere a kan kanta, maganaɗisunsu a waje, ga naɗin wayar tagulla iri-iri, ga ulu da soso na cusawa cikin akwati. Mai shigowa nan ya riga ya ƙudura a ransa cewa ko dai zai haɗa tasa da hannunsa, ko kuma zai kwance wadda ke gida ya gyara mata murya.

Sunan da na fi ji a wurin shi ne Nagaoka Tetsuo, marubucin da ya rasu a shekarar 2000. Ya shafe shekaru yana wallafa zanen akwatunan lasifika a mujallu, ɗaruruwa, kowanne da awon yadda za a yanka shi daga falankin katako. Wanda ya fi shahara ana ce masa Swan, saboda fasalinsa na tsuntsu mai dogon wuya. 'Yar lasifika mai faɗin santimita 10 ce a can sama, sautin da ke fita ta bayanta ya gangara ta wuyan, ya bi wata doguwar hanya mai lanƙwashe-lanƙwashe da ke ƙara faɗi a cikin jikin akwatin, ya fito da kaurin da ba ka zaci abu ƙarami haka zai bayar ba. Kayan Fostex, kamfanin da aka kafa a 1973, su ya fi aiki da su, kuma har yau ana yanka katako bisa awonsa.

A shagon muka haɗu da wani dattijo da ya yi ritaya. Da ya ji daga inda na fito, ya gayyace mu gidansa a wajen birnin. Muka cire takalma a ƙofa, matarsa ta kawo shayi. Ɗakin sauraronsa mai tabarma shida ne, yadda suke auna ɗaki a can, wato kimanin mita 2.7 a mita 3.6. Lasifikokinsa biyu na tsakiyar shekarun 1980 ne, zamanin da kamfanonin Japan suka yi ta gasar fitar da manyan lasifikoki a farashi ɗaya, yen 59,800 kowace. Ya ce a irin wannan gasa kuɗi yana tafiya ne ga abin da idon mai saye ke gani, abin da ke ɓoye a ciki kuwa a nan ake tsuke hannu, shi ya sa gyara ke da riba.

Ya fara da ƙwanƙwasa gefen akwatin da ɗan yatsa, ya ce in saurara. Wani ɗan gajeren “tak” na ji, ya mutu nan take. Ya ƙwanƙwasa ƙofar kabad, ta yi amo mai tsawo, ya ce a da haka akwatin yake. Jikin ganga so ake ya yi amo tare da fata, jikin lasifika kuwa so ake ya yi shiru, don duk karkarwar da katako ya yi tana shiga cikin muryar mawaƙi ta dagula ta. Maganin da ya yi bai fi ƙarfin kowane kafinta ba. Ya ciro babbar lasifikar, ya tokare bangon hagu da na dama daga ciki da sandar katako da gam, ya ƙara wata tsakanin gaba da baya, ya liƙa roba mai nauyi a faffaɗan bangon. Sannan ya shimfiɗa ulu don ya shanye sautin da ke kai-komo a ciki. Ya ja kunnena a kan ulun: in ya yi kaɗan murya takan fito da wani gunji, in ya yi yawa kiɗan ya shaƙe, kuma kada a yarda ya toshe bakin bututun iska.

Daga nan ya nuna mini hoton kirosoba, ɗan allon da ke raba sauti, ya tura mai kauri ga wufa, siririn kuma ga tuwita. A lasifika mai baki biyu rabon yakan faɗo ne wajen kaɗawa 2,000 zuwa 3,000 a daƙiƙa, daidai inda kunnen mutum ke da kaifi, don haka ƙaramin kuskure a nan ba ya ɓoyuwa. Kafasitocin da ke da ruwan sinadari a ciki suna bushewa in shekaru sun ja, awonsu ya kauce, iyakar rabon ta gusa. Ya cire su ya sa na leda masu awo ɗaya da na asali. Da ya yi haka sai siririn sauti ya ɗan yi tsini, saboda sababbin ba sa tare wuta yadda tsofaffin ke yi, dole ya ƙara ɗan rezisto ya dawo da shi daidai. Mutane da yawa, in ji shi, a nan suke ruɗuwa, su ji ƙarin tsini su ɗauka ƙarin kyau ne.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne gyaran da bai ci ko yen ɗaya ba. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, saboda haka amo mai kaɗawa 100 a daƙiƙa tsawon igiyarsa ya kusa mita uku da rabi, kusan tsawon ɗakin. Irin wannan amo yakan taru a wani wuri ya yi rugugi, a wani wurin kuma ya ɓace. Dattijon ya tura lasifika ɗaya ta manne da bango, nan take bes ya kumbura ya danne sauran kayan kiɗa. Ya janyo ta zuwa alamar salatif da ya liƙa a ƙasa, ya ɗan karkato fuskarta wajen kujera, komai ya koma mazauninsa. Inda ɗaki bai ba da sarari ba, ya ce, a cusa soso a bututun iska.

Duk wannan a murya ƙasa-ƙasa aka yi shi. Bangon irin gidajensu siriri ne, maƙwabci yana jin komai, kuma damun maƙwabci babban abin kunya ne a wurinsu. Ina ganin a nan ƙwarewarsu ta samo tushe. Wanda ba shi da damar ƙure murya dole ya nemi tsabtar sauti, ta yadda ko a hankali zai ji numfashin mai busa da saukar yatsa a kan tsirkiya. Ya sa faifan jaz, na ji kowane makaɗi a gurbinsa, na hagu a hagu, mai ganguna can baya. Tsarin aikin dattijon kuma ya burge ni: gyara ɗaya a lokaci ɗaya, a lasifika ɗaya, ya bar ɗayar yadda take don gwadawa, ya auna da makirfo da kwamfuta, ya rubuta a littafi. In bai ji bambanci ba, ya mayar da abin yadda yake.

Wani gyara da ya yi suna a duniya ma a kan lasifikar Japan aka yi shi. Yamaha ta fitar da NS-10M a 1978 don amfanin gida, sai injiniyoyin ɗakunan ɗaukar waƙa a Amurka da Ingila suka karɓe ta. Wasunsu, har da Bob Clearmountain, sukan rufe tuwitarta da takardar tishu don rage kaifinta. Da kamfanin ya fitar da samfurin situdiyo a 1987, ya sassauta wannan kaifin da kansa.

Akwai ɓangaren da ban yarda da shi ba. Na ga wayoyin azurfa da farashinsu ya ninka na lasifika mai kyau, kuma a ƙasar akwai waɗanda suka biya aka kafa musu turken wutar lantarki da taransifoma nasu su kaɗai, don neman sauti mai tsabta. Wanda ya zuba irin wannan dukiya, da wuya kunnensa ya ce masa bai ji komai ba. Abin yana damuna ne saboda yana sa matashi mai ƙaramin ƙarfi ya ɗauka harkar ta masu kuɗi ce, alhali abin da na ji da kunnena ya canja sauti sandar katako ce da ulu da matsar da akwati taku ɗaya.

Kafin mu rabu dattijon ya kai mu wani reshen Hard Off, shagunan gwanjo da suka faro daga Niigata a 1993. Suna da sashen kayan da ake sayarwa ba tare da lamuni ba, a nan tsofaffin lasifikoki suke jibge. Ciwon yawancinsu ɗaya ne: zoben soson da ke riƙe bakin wufa ya ruɓe saboda shekaru da danshin daminarsu, yana marmashewa in an taɓa. Sabon zobe da gam da haƙurin daidaita kwayil don kada ya goga, shi ke nan ta tashi.

Irin waɗannan lasifikoki suna isowa kasuwanninmu cikin kayan gwanjo, kuma masu gyaran rediyonmu gwanaye ne, har kwayil ɗin da ya ƙone suna sake naɗawa da hannu. Sai dai abin da muke roƙonsu kusan kullum shi ne ƙara, su kuma su ba mu abin da muka nema, wani lokaci har su tsallake kirosoba su haɗa waya kai tsaye. Da za mu fara tambayarsu murya mai tsabta, hannunsu zai iya. Gwajin farko ma batir ɗin tocila mai bolt 1.5 ya isa: a taɓa kansa ga jan baki, gindinsa ga baƙi, na ɗan lokaci kaɗan, a duba wufa. Ya kamata ta kowane gefe ta turo waje. Idan ɗaya ta fito ɗaya ta shige, an juya waya a wani wuri, kuma bes ɗin da mai kayan ke kukan ya ɓace lasifikokin biyu ne ke soke shi a tsakaninsu.