Na Sauya wa Tsohuwar Kwamfutata Gida



Duk wanda ya zauna a Legas ya san abin da danshin garin nan yake yi wa ƙarfe. A Kano ƙura ce abokiyar gaba, a nan kuwa tsatsa. Akwatin kwamfutar tebur da na saya a 2012 ya ci tsatsa har gindinsa ya fara ɓarewa. Ɗana ya ce mu jefar mu sayi laftof. Na ƙi. A cikinta muryar Baba take, hirar da na ɗauka a Agege kafin rasuwarsa, yana ba da labarin zuwansa fataucin goro a jirgin ƙasa. Ban taɓa kwafe ta ko'ina ba.

Ranar Asabar na shiga Computer Village a Ikeja na sayo sabon akwati mai girman ATX, tunda shi yana ɗaukar babban madabod da ƙarami. Kafin in zare ko waya ɗaya sai da na ɗauki hoton cikin, na cire soket, na taɓa ƙarfe don wutar jikina kada ta yi ɓarna. Fankar firosesa da ram ban taɓa su ba, gaba ɗaya na ɗago madabod ɗin kamar mai ɗaukar jariri.

Inda aikin yake shi ne 'yan ƙusoshin tagullar da ke ɗage madabod daga jikin ƙarfe. Dole kowanne ya zo daidai da raminsa. Ɗaya ya tsaya inda babu rami, na kwance shi, don irinsa ne ke haɗa wuta. Na gama ɗaure komai sannan na ga farantin baya a kan tabarma yana kallona. Haka na sake kwancewa.

Na danna maɓalli. Shiru. Na sake dannawa. Wallahi ba kuɗin na tuna ba, Baba na tuna. Gumi ya karyo mini.

Ɗana ya haska tocila ya ce, "Abba, wayar maɓallin ka soke ta a wurin ta fitila." Ya gyara, fanka ta juya.

Kafin in rufe murfi na kwafi hirar a filas biyu, na tura wa ƙanwata a Zariya. Tsohon akwatin kuwa wani ɗan gwangwan Bakatsine ya ɗauka, bayan ya gama yi mini ƙorafin tsatsa ta cinye nauyin.