Tarihi a Ƙofar Gida, Hadda a Cikin Aji

Duk wanda ya taɓa zama a kudancin Kano ya san cewa abubuwa biyu ne suke zuwa tare a kowace shekara, wato ruwan shuka da jarrabawar kammala sakandare. Hukumar WAEC takan yi tata a watannin Mayu da Yuni, NECO kuma ta biyo baya a Yuni da Yuli, kuma a daidai wannan lokaci ne manomin Doguwa da Tudun Wada yake neman kowane hannu da ke gidansa, domin kuwa mu nan ruwa yakan riga na Bichi da Ɗambatta sauka. Saboda haka yaron da ke ajin ƙarshe yakan wayi gari da iyayengiji biyu: uba yana kiran sa gona, littafi yana kiran sa ɗaki. Mu da muka daɗe muna taimaka wa irin waɗannan yara da bitar yamma a Ƙafin Maiyaki da ƙauyukan da ke kewaye, mun ga abin da wannan ƙarancin lokaci yake haifarwa, shi ne muke son mu ɗan tattauna da 'yan'uwa marubuta a wannan fitowa.

Abin da yake haifarwa kuwa shi ne hadda. Yaro ya samo littafin tsofaffin tambayoyi na shekara goma ko fiye, wanda ya sha hannu har bangonsa ya fita, ya zauna yana bitar amsoshi kamar mai tilawa. A lissafi wannan dabara ba ta cika ci ba, don haka dole ya nemi mai koya masa. To amma a darussan nan huɗu, wato tarihi da labarin ƙasa da ilimin zaman ɗan ƙasa da kuma tattalin arziki, an ɗauka cewa hadda ta wadatar, tunda ai duk zance ne. Sai ka ji yaro ya kawo maka ma'anar ilimin tattalin arziki kamar yadda Lionel Robbins ya tsara ta a 1932, da Turanci tsaf, ko waƙafi bai bari ba. Ka ce masa to faɗa mana da Hausa, sai ya sunkuyar da kai yana wasa da biro.

Ba laifinsa ba ne. Tarihi dai an cire shi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare wajen 2009, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta yi bikin mayar da shi, ka ga ke nan akwai tsara guda da ta iso babbar sakandare ba ta taɓa jin darasin ba, malaman da za su koyar da shi kuma da yawa sun kama wasu hanyoyin. Ga kuma matsalar harshe. Yaron da a gida da kasuwa da gona ba ya jin komai sai Hausa ko Fulatanci, shi ne ake so ya rubuta shafi biyu da Turanci a kan dalilan faɗuwar daular Songhai. In bai haddace ba, me zai yi?

Abin da yake ba mu takaici shi ne, da wuya a sami yankin da waɗannan darussa suke zube a fili kamar namu. Mu ɗauki tarihi. A cikin manhaja akwai babi a kan yadda Turawan Ingila suka ci ƙasar Hausa, kuma kowane ɗalibi ya haddace cewa Kano ta faɗi a ranar 3 ga Fabrairu, 1903, lokacin da Sarki Alu yake Sakkwato. To amma ta ina rundunar Kanar Morland ta bi da ta taso daga Zariya? Ta Bebeji ta bi. A nan ne aka rufe mata ƙofa, ta fasa da igwa, Sarkin Bebeji da kansa yana cikin waɗanda suka kwanta dama. Wato jinin farko da aka zubar don kare Kano a ƙasarmu ya zuba. Mun sha tambayar 'yan Bebeji wannan a aji, mafi yawansu sai su buɗe baki, alhali kullum ta gefen kufan ganuwar suke wucewa. Da zarar ka gaya musu kuwa, shekarar 1903 ta zauna ke nan, ba su ƙara mantawa.

Haka kuma a wannan gari na Bebeji aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin Agalawa masu fataucin goro zuwa Gwanja. Rayuwar mutumin nan kaɗai ta isa ta ɗauki babi uku na manhaja: fataucin ayari kafin zuwan Turawa, isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, da yadda gyaɗa ta zama abin fitarwa waje har aka riƙa tara ta dala-dala. Ya rasu a 1955, shekara biyar kafin 'yancin kai. Yaron da aka ba shi wannan labari a jere, idan aka tambaye shi tasirin layin dogo ga tattalin arzikin Arewa, ba zai rasa abin rubutawa ba, balle ga layin nan ya ratsa ta Dangora yana gani da idonsa.

Labarin ƙasa ya ma fi ba mu haushi, domin shi ne yara suka fi tsoro. Akwai sashen karanta taswira, inda ake ba ɗalibi takarda mai layuka a lanƙwashe, a ce ya nuna tudu da kwari da inda ruwa ya dosa. Yaron birni wanda bai taɓa hawa komai ba sai Dala da Goron Dutse, in ya ruɗe ba a ga laifinsa ba. Amma ɗan Riruwai fa? Shi da ya tashi a cikin duwatsun da suka fi ko'ina tsayi a jihar Kano, ya san inda hawa yake da tsauri da inda yake da sauƙi, ya san ta inda ruwa yake gangarowa in an yi marka. Abin da ya rage kawai a gaya masa cewa inda layukan suka matsu da juna, nan ne wurin da yake haki in yana hawa, inda suka ware kuma nan ne shimfiɗaɗɗen fili. Mun gwada wannan da tulin yashi da zare a tsakar makaranta, kafin la'asar ta yi sanyi yara sun gane abin da suka yi zango biyu suna gudu.

Sai kuma madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo. Kusan babu shekarar da ba a tambayar amfanin madatsun ruwa da illolinsu, yara kuma su jero amsar littafi: noman rani, kamun kifi, ruwan sha, wutar lantarki. Daidai ne, amma amsa ce marar jini. Kogin Kano da aka tare a Tiga daga tsaunukan kudu yake tasowa, ya ratsa dajin Falgore, in ya wuce madatsar ya haɗu da Chalawa su zama kogin Haɗeja, daga nan sai Yobe, sai tafkin Chadi. Ruwan da aka tare shi ne ya raya shinkafa da alkama da tumatir a Kadawa da Kura da Bunkure. Shi ne kuma ya rage ambaliyar da fadamun Haɗeja da Nguru suka dogara da ita, masunta da makiyaya da manoman can suka ji a jikinsu. A nan gida kuma akwai iyalan da ruwa ya ci gonakinsu da kufansu aka sake musu matsuguni, jikokinsu na zaune a azuzuwanmu. Ashe yaron da kakarsa za ta iya ba shi labarin tashin garinsu yana buƙatar ya haddace illar madatsar ruwa daga littafin da aka buga a Ibadan?

Kada mu manta da kuza. Littafi yakan ce ana samun ta a Jos, shi ke nan. Ba ya faɗin cewa tun kafin Bature ya zo mutanen Riruwai suna haƙo ta, su narka, su zuba ta sirara kamar tsinke, fatake su saya su kai kasuwanni masu nisa.

Tattalin arziki kuwa, wa zai koya wa ɗan manomi? Ya ga buhun masara da kaka, ya gan shi da bazara, ya san bambancin. Ya ga 'yan kasuwa sun zo da manyan motoci sun kwashe zuwa Dawanau lokacin da kaya suka yi yawa, ya kuma ga ubansa ya sayo irin wannan masara da tsada lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Ya ga kwandon tumatir a Kwanar Gafan ana roƙon mai saye, ya kuma ji yadda ya gagara a 2016 da tsutsa ta cinye gonaki. Wannan shi ne dukkan abin da zanen nan mai layuka biyu masu gicciye yake nufi. Hatta babin da yake magana a kan abin da mutum yake haƙura da shi domin ya sami wani, ai yaron a cikinsa yake: in ya zo bita, kunya goma ta kwana ba a nome ba. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, da cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, sun koya wa yaranmu ma'anar kuɗi da hauhawar farashi fiye da yadda kowane malami zai iya. Saura kawai a ba su sunayen abubuwan da Turanci.

Ilimin zaman ɗan ƙasa ba za mu daɗe a kansa ba, don shi ne aka fi ci, shi ne kuma aka fi mantawa. Yaro ya jero ayyukan ƙaramar hukuma kamar yadda tsarin mulkin 1999 ya zayyana, ya san akwai 774 a ƙasa, 44 a Kano, amma bai san sunan kansilan mazaɓarsa ba, bai kuma san cewa Kiru da Bebeji kujera ɗaya suke da ita a majalisar wakilai, Doguwa da Tudun Wada ma ɗaya ba. Hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a watan Yulin 2024, cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, an fi tattauna shi a wurin mai shayi fiye da a aji.

Wani zai ce, to ai mai duba takarda ba ruwansa da Bebeji, jerin amsoshi ne a gabansa, in ka kauce ka faɗi. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba mu ce a jefar da littafin tsofaffin tambayoyi ba. Mu ma da shi muke aiki, musamman in jarrabawar share fage ta jiha ta matso, wadda a kanta ne ake duba waɗanda gwamnati za ta biya wa kuɗin NECO, abin da ga iyaye da yawa shi ne bambanci tsakanin yaro ya zauna jarrabawa ko ya haƙura. Sai dai hadda tana da ranar cin amana. Da an juya tambaya kaɗan, an ce kwatanta maimakon lissafa, sai yaro ya tsaya cak, daga nan sai waige-waige, sai neman satar amsa, sai iyaye su sayar da akuya su kai shi irin cibiyoyin nan da ake cewa ba a faɗuwa. Wanda ya gane abu kuwa, ko da Turancinsa na ɗingishi ne, yakan lallaɓa ya kai.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya kawo wannan magana cikin mujallar marubuta? Dalili biyu ne. Na farko, waɗannan yara su ne masu karanta littattafanmu, daga cikinsu ne kuma marubutan gobe za su fito, kuma alamar haddar nan ta fara bayyana a rubutu. Sau nawa muka karanta labarin da aka ce ya faru a wani ƙauye, amma ƙauyen ba shi da kogi, ba shi da ranar kasuwa, ba a san abin da ake nomawa ba, ba a san da me uban yarinya yake ci da gidansa ba? Attajiri kawai attajiri ne, ba a faɗin sana'arsa. Mu duba Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya fito a 1982: ƙarfinsa ai daga sanin yadda fasa-ƙwauri yake gudana ya zo. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa tarihi ne da labarin ƙasa aka ɗinka su da zaren ƙirƙira.

Na biyu, akwai giɓin da mu ne ya kamata mu cike. Magabata sun yi irin wannan aiki: an buga Labarun Hausawa da Maƙwabtansu tun a shekarun 1930, Wazirin Kano Alhaji Abubakar Dokaji kuma ya rubuta Kano Ta Dabo Cigari. Yau idan ɗalibin Kiru yana son ya karanta bayanin hauhawar farashi ko rabon iko tsakanin tarayya da jiha da Hausa mai daɗi, da misalan da ya sani, ina zai dosa? Muna da masu buga littafi cikin wata guda su baza shi har Maraɗi da Agadas. Ɗan littafi mai shafi arba'in, wanda ya bi manhaja babi-babi, ya ajiye kalmar Turanci da yaro zai tarar a takardar jarrabawa, sannan ya warware ta da labarin Tiga ko kasuwar hatsi, bai fi ƙarfinmu ba. Sharaɗinsa dai a tabbatar da kowace shekara da kowane adadi kafin a buga, a kuma ba malamin darasin ya duba, domin kuskuren da ya shiga littafin soyayya dariya za a yi, wanda ya shiga wannan kuwa maki ne zai ci wa ɗan wani.

Mu nan mun soma da abin da ya fi gaggawa, wato tsofaffi. Akwai sauran dattawa a Riruwai da suka yi aikin kuza da hannunsu, akwai waɗanda suka ga ranar da ruwan Tiga ya fara hawa gonakinsu, kuma kowace damina ana raguwa. A hutun da ya wuce mun ba kowane ɗalibin bita tambayoyi biyar ya kai wa kakansa ko kakarsa, ya rubuto amsar da Hausa, sannan mu zauna tare mu juya ta zuwa Turancin jarrabawa. Takardun suna nan mun tara a kwali, wasu da fensir, wasu a bayan takardar siminti. Idan akwai ɗan'uwa a Rano ko Sumaila ko Ƙaraye da yake irin wannan aiki, muna roƙon ya tuntuɓe mu ta hannun edita, mu haɗa abin da muka samu kafin wata jarrabawar ta zagayo.