Bindiga a jirgin sama, da harsashi huɗu da aka manta a jaka

Jama'a, akwai maganar da in ka faɗa wa mutanenmu sai su yi maka kallon maƙaryaci: kullum ta Allah akwai masu zuwa filin jirgin sama da bindiga, su miƙa ta a wurin awon kaya, a karɓa, a ɗora ta a jirgin da kai ma za ka hau. Mu da ake ƙwace wa ɗan almakashi da robar ruwa, abin da wuyar shiga kai. Maharba ne, galibinsu Amurkawa da mutanen Turai, masu zuwa farauta Afirka ta Kudu, Namibiya, Zimbabwe, Tanzaniya ko Kanada. Wasu ma nan kusa da mu suke sauka, a Garwa ta arewacin Kamaru, domin akwai dazuzzukan farauta da gwamnati ke bayarwa haya a kewayen gandun daji na Benuwe da Faro da Bouba Ndjida.

Shirin da takarda yake farawa, watanni kafin ranar tashi. A ɗauki Ba'amurke mai niyyar zuwa Afirka ta Kudu. Sai ya fara kai bindigarsa ofishin kwastan na ƙasarsu, jami'i ya duba lambar da aka buga a jikin ƙarfen, ya sa hatimi a wani ɗan fom mai lamba 4457. Ranar dawowa, wannan fom ne shaidar cewa da abarsa ya fita, ba a waje ya sayo ta ba. Kuma da yake yawancin jihohin Amurka ba sa yi wa bindigar farauta rajista, shi ne 'yan sandan Afirka ta Kudu ke karɓa a matsayin shaidar mallaka. Su ma can suna da nasu fom ɗin, SAPS 520, wanda ake cikewa da baƙar tawada, ba a kuma sa masa hannu sai a gaban ɗan sanda. Za a haɗa da wasiƙar gayyata daga kamfanin farautar da kwafin fasfo da tikitin komawa gida. Dole mutum ya kai shekara 21. Ba zai shigo da bindiga fiye da huɗu ba, ba a yarda da biyu masu cin harsashi iri ɗaya ba, kowace kuma harsashinta kada ya wuce 200.

Sannan a zo ɗaurin kaya, wanda ni a wurina shi ne abin kallo. Akwatin dogo ne mai tauri, na roba mai kauri ko alminiyom, cikinsa soso ne da aka yanke daidai surar bindigar yadda in ta kwanta ba za ta motsa ba. Kafin ta kwanta sai an zare duk harsashin da ke ciki, an leƙa da ido, an zura yatsa an tabbatar. Da yawa sukan cire sakatar bindigar, su naɗe ta a tsumma su ajiye a gefe cikin akwatin, don duk wanda ya buɗe ya gani da idonsa cewa wannan ba za ta tashi ba. Sakatar nan ko gidan harsashi ba sa shiga jakar hannu. Madubin saiti kuwa, mai jawo nesa kusa, an yarda a Amurka mutum ya riƙe abinsa, kuma wasu sun fi son haka, don sun san yadda ake jifa da kaya a bayan fage.

Kowace huda da aka yi wa akwatin don kwaɗo, gara a sa mata kwaɗo. Ma'aikaci yakan kama kusurwa ya ɗaga da ƙarfi. In ta buɗe har hannu zai iya shiga, akwatin nan bai tafi ba. Makulli yana hannun mai kaya. A waje kuma ba a liƙa komai da zai nuna abin da ke ciki, dokar Amurka ma ta hana kamfanin jirgi yin haka, saboda ɓarayi.

Harsashi yana da nasa hukuncin. Ƙa'idar da kamfanonin jiragen duniya ke bi ita ce kilo 5 ga kowane fasinja, har da nauyin kwalin, kuma mutum biyu ba za su haɗa rabonsu a mazubi ɗaya ba. Kowane harsashi yana zaune a gurbinsa, ba a zuba su warwatse a leda ko safa. Garin alburushi kuwa ba ya hawa jirgin fasinja ko kaɗan, don haka mai bindiga irin ta ɗure sai dai ya saya in ya sauka. Wuƙar fiɗa tana bin kayan awo, batiran ajiya suna bin jakar hannu; in ka juya su, sai an kira sunanka a lasifika. Mai zuwa New Zealand har takalminsa sai ya wanke tas, don can ƙasar da ta maƙale a tafin takalmi ma abin bincike ce, kuma rashin bayyana irin waɗannan kaya na jawo tarar dala 400 ta kuɗinsu nan take.

Ranar tafiya mutum ya isa da wuri, ya je kanta, ya ce a hankali yana da bindigar da ba harsashi a cikinta, zai bayyana. Ya sa hannu a ɗan kati, a jefa cikin akwatin, a kulle, ya tsaya kusa har masu bincike su gama ko da za su nemi a buɗe. In jirginsa zai yada zango a Amsterdam, sai ya riga ya samu izinin kwastan na Holan, ko da ƙafarsa ba za ta taka waje ba. A filin jirgin O. R. Tambo na Johannesburg bindiga ba ta fitowa tare da sauran jakunkuna. Ofishin 'yan sanda ake kai ta, a buɗe, ɗan sanda ya karanta lambar ƙarfe yana gwadawa da ta takarda, harafi bayan harafi. In an yi kuskuren alƙalami ɗaya tun daga gida, ranar nan mutum zai san zaman benci. Da an isa sansani kuma, kafin a nufi ɓauna ko gwanki, sai an yi harbin gwaji, don jijjigar hanya takan karkata saiti.

Duk wannan wahala ce, amma wahala ce mai ƙarewa lafiya. Wanda ya bayyana bindigarsa da bakinsa, ya riƙe takardunsa, da wuya ya kwana a hannu. Masu shiga uku daban ne. A shekarar 2023 kaɗai, hukumar TSA mai binciken fasinjoji a Amurka ta kama bindigogi 6,737 a wuraren binciken masu shiga jirgi, kusan 93 cikin 100 da harsashi a ciki, kuma amsar da aka fi ji ita ce mantuwa. A lokacin, tarar tana iya kusantar dala 15,000.

Wannan ma a gidansu Amurka ke nan, inda ake da sassauci. A watan Afrilun 2024 wani magidanci ɗan jihar Oklahoma ya je hutu da matarsa tsibiran Turks da Caicos, wani yanki na Birtaniya da ke kudu maso gabas da Bahamas. Ba farauta ta kai shi ba, ba ya ɗauke da bindiga. Suna shirin komawa na'ura ta hango harsashi huɗu a jakarsa, ragowar wata farautar barewa da ya yi can baya. Jakar nan ta wuce binciken filin jirgin garinsu ba wanda ya gani. A dokar tsibiran ta lokacin, mafi ƙarancin hukuncin mallakar harsashi ba izini shi ne ɗaurin shekara 12. Ya yi sama da wata biyu bai ga gida ba, yana zaman beli, kafin alƙali ya ci shi tarar dala 2,000 da ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka. Amurkawa biyar ne suka faɗa irin wannan rami a 'yan watannin wancan lokacin, har majalisar tsibiran ta gyara dokar ta ba alƙalai damar sassautawa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Na ga masu zagin mutanen tsibiran a kan tsanani, ni kam ban bi su ba. Ƙaramin wuri ne da kashe-kashen bindiga suka addaba, kuma ɗan sandan da ya ga harsashi a jaka ba shi da na'urar auna niyya. Lasisin da ƙasarku ta ba ka a bakin iyakarku yake tsayawa. Shi ya sa tsofaffin hannu a harkar ke ware jaka: wadda ta taɓa shiga daji ba ta zuwa filin jirgi. Mu ma da ba ruwanmu da farauta abin ya shafe mu, don mun iya aron jaka. Za ka Umara ko karatu, ka karɓi ta yayanka ɗan sanda ko ta maƙwabcinka maharbi, ka zuba kaya ka zuge zif. Ka zazzage ta tukuna, ka bi kowane aljihu da hannu, har ƙarƙashin shafin ciki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kantar nan, wurin da maharbi zai je ya ce ga ni, ga makamina, ga inda za ni, a rubuta a ba shi shaida. A watan Maris na 2025, ana dab da ƙaramar Sallah, mafarauta 'yan Arewa sun taso daga jihar Ribas a babbar mota za su Kano. A Uromi ta jihar Edo 'yan sintiri suka tare su, suka ga bindigogin toka, aka yi musu ihun masu garkuwa da mutane. Mutum 16 aka kashe. Allah Ya jiƙansu, Ya bi musu haƙƙinsu. Laifin yana wuyan waɗanda suka ɗauki doka a hannu, kuma taron da ya fusata ba ya tsayawa karatun takarda. Amma ku kwatanta: baƙo ya tsallako teku da bindigar da ke kayar da giwa, ɗan sanda ya duba lamba ya ce a sauka lafiya, ɗan ƙasa kuma ya ratsa jihohin ƙasarsa da adaka, binciken nasa ya faɗa hannun duk wanda ya gindaya itace a titi.

Dokar makamai ta Najeriya, wadda ke nan tun 1959, ta san da bindigar toka, ta sa lasisinta a hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Abin da ya rage shi ne tafiya da ita. Ina kira ga sarakunan dawa da shugabannin ƙungiyoyin mafarauta su zauna da 'yan sanda a fitar da takardar hanya guda ɗaya da kowace jiha za ta sani: sunan kowa, yawan bindigogi, inda aka fito, inda aka nufa, a kuma sanar da jihohin da za a ratsa kafin mota ta tashi. Wanda ke da ɗan'uwa a cikin shugabannin nan, don Allah ya tura masa wannan rubutu.