Daga Turin Fim Zuwa Rubuta Manhaja

Mai karatu, in aka ce kamfanin manhaja, na san Legas za ka tuna. To, namu a Dutsin-Ma aka haife shi, kuma fim ne ungozomar sa. Ni da ƙane na mun fara da tsohuwar kwamfuta guda, mu na tura wa jama'a finafinan Hausa a waya. Bayan kafa Jami'ar Tarayya a garin a 2011, ɗalibai su ka cika shagon da aikin buga takardu. A wurin su na koyi rubuta manhaja.

Ta farko da mu ka sayar ta lissafin sakamakon jarrabawa ce, wata makaranta a Kurfi ta saya. Daga nan bakin malamai ya yi mana talla.

A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a Dutsin-Ma da Kurfi saboda 'yan bindiga, kusan wata uku. Wallahi da manhajar mu na buƙatar intanet, da tuni mun rufe shago. In za ka fara, ɗan'uwa, gina wadda za ta yi wa mutanen garin ku aiki ko babu sabis.